Ɗan Hakin Da Ka Raina

Akwai wata irin dariya da ta zama ruwan dare a tsakaninmu ɗalibai, musamman waɗanda ke taƙama da karatun kimiyya da aikin injiniya. Da zarar an ba da labarin cewa a ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai magidanta da ke raba dare suna ƙera wa tsofaffin rikodojin aljihu sababbin giyoyi, sai ka ga an kwashe da shewa, ana cewa ƙoshi ne ya yi musu yawa, ina amfanin ɓata lokaci a kan tarkacen da kakanni suka yar? Ni kuwa na ce wannan dariya mu ya kamata ta komo wa. Mutumin da ke iya fitar da haƙoran da ba su kai ƙwayar gero ba, su shiga bakin 'yan'uwansu daidai wa daida, ya mallaki abin da yawancinmu za mu karɓi digiri mu fita ba mu taɓa ko gwadawa ba.

Kafin mu yi nisa, giyar da nake nufi ba ta kwalba ba ce. Ɗan faifai ne mai haƙora a gefensa, irin wanda bakanikai suka sani a cikin mota da babur, wanda ke karɓar juyi daga wani faifai ya miƙa wa wani. A cikin rikodar aljihu akwai irinsu da yawa, galibinsu na roba, wasu ba su kai faɗin kwabo ba.

Ga asalin maganar a taƙaice. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da kaset a bikin baje kolin rediyo na birnin Barlin cikin 1963, kuma injiniyan da ya shugabanci aikin, Lou Ottens, ya rayu har 2021. Bayan shekara goma sha shida, ran 1 ga watan Yuli 1979, kamfanin Sony ya fara sayar da Walkman na farko a Japan, samfurin TPS-L2, a kan kuɗi yen 33,000. Akwati ne ɗan ƙarami wanda mutum zai rataya a kafaɗa ya sa abin ji a kunne ya yi tafiyarsa. Kafin Sony ya ba da sanarwar daina ƙera masu kaset a Japan cikin 2010, an sayar da fiye da miliyan 200. Wannan lissafin kamfani guda ne kurum, ban da na Aiwa da Panasonic da Sanyo da Toshiba.

Aikin da ke gaban rikoda yana da sauƙin faɗa, amma cika shi da wuya. Zaren kaset, wanda faɗinsa milimita 3.81 ne, tilas ya wuce ta gaban kan da ke karanta shi da gudun santimita 4.76 a kowace daƙiƙa, ba ƙari ba ragi. In gudun ya ɗan yi sama ya ɗan yi ƙasa, sai ka ji muryar mawaƙi tana rawa kamar mai jin sanyi, kalangu kuma ya koma kamar an jiƙa fatarsa. Wani siririn ƙarfe mai juyawa ne ke jan zaren, 'yar tayar roba tana matse shi a jikinsa, su kuwa giyoyi aikinsu su juya ƙafar da ke naɗe zaren da ya riga ya wuce. Idan naɗin ya tsaya alhali jan bai tsaya ba, zare sai ya taru ya cukuikuye a cikin inji. Wannan shi ne abin da iyayenmu ke nufi in sun ce rikoda ta ci kaset.

A cikin 1982 Sony ya fito da wani samfuri mai suna WM-DD, wanda injin juyinsa ke taɓa faifan jan zare kai tsaye ba tare da bel ba, saboda haka gudunsa ya fi na yawancin sa'o'insa daidaituwa. Shi da ƙannensa irin su DD2 da DD3 da DD30 da DD33 har yau masana suna yaba muryarsu. Amma dukansu suna da ciwo guda. A tsakiyar injinsu akwai wata giya da aka zuba robarta a kewaye da faifan ƙarfe. Roba in ta daɗe takan tsuke, ƙarfe kuwa yana nan yadda yake. Shekara da shekaru robar tana matsar ƙarfen, shi kuma ya ƙi ba da hanya, har ranar da za ta tsage. Daga nan duk zagaye ɗaya sai ka ji ƙas, lokacin da tsagar ta iso bakin giyar da ke maƙwabtaka da ita. Injin juyi lafiya lau, kan karatu lafiya lau, wayoyi duk lafiya, amma na'urar da gwanayen injiniyoyi suka ƙera ta naƙasa saboda 'yar roba wadda nauyinta bai kai na goro ɗaya ba.

Wanda ya je wurin kamfani neman madadinta zai komo hannu rabbana, domin an daɗe da daina yin kayan gyaran waɗannan samfurori. Ciro ta daga wata matacciyar rikoda ma ba ya fid da kai, tun da ita ma waccan shekarunsu ɗaya, ciwonsu ɗaya. Wannan ne ya tilasta wa masu sha'awa su zama maƙera. Da farko wasu suka riƙa cike tsagar da gam mai ƙarfi suna sassaƙa haƙori a wurin da ya buɗe, abin da ke rage ƙarar amma ba ya komar da tazarar haƙora yadda take. Daga baya sai wasu suka ɗaura ɗamarar ƙera sabuwa tun daga tushe. A nan ne fa nake so mai dariya ya matso kusa ya ga irin ilmin da ke cikin abin da ya kira wasan yara.

Matsala ta farko ita ce awo. Tsohuwar giyar da ke hannunka ta tsuke, ta kuma buɗe, saboda haka in ka kwafe ta yadda ka same ta, ka kwafi cuta ne. Tilas ka gano girman da mai zanen farko ya nufa. Injiniyoyi suna da wani ma'auni na girman haƙori da suke kira modul, watau faɗin da'irar da haƙora ke haɗuwa a kanta, a raba shi da yawan haƙoran. Giyoyi biyu ba sa cin juna sai modul ɗinsu ya zama ɗaya. Alal misali, a ce giya tana da haƙora 40, modul kuma 0.3 na milimita: faɗin da'irar haɗuwa zai zama milimita 12, faɗinta na waje kuwa, in an ƙara biyu a kan yawan haƙora aka ninka da modul, milimita 12.6. Tazarar da ke tsakanin cibiyoyin giya biyu kuma ita ce jimlar haƙoransu a ninka da modul a raba biyu. Da wannan ne mai hankali zai ƙirga haƙora, ya auna tazarar sandunan da ke jikin ƙarfen rikoda, waɗanda ba su motsa ba tun ranar da aka kafa su, ya fitar da modul na gaskiya ba tare da ya dogara ga robar da ta lalace ba. Duk wanda ya yi ajin farko na zanen injuna ya haddace wannan lissafi don jarrabawa. Mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa riƙe ma'auni da gilashin ƙara girma ya aikata shi a kan abu na zahiri?

Matsala ta biyu ita ce siffar haƙorin. Gefensa ba miƙaƙƙe ba ne kamar na zarto. Lanƙwasa ce ta musamman, irin layin da bakin zare ke zanawa in kana warware shi daga jikin kwarkwaro yana miƙe, kuma masanin lissafi Leonhard Euler ya yi bayaninta tun ƙarni na goma sha takwas. Amfaninta shi ne giyar da ake turawa takan yi juyi bai-ɗaya ba tare da fizga ba. Ka kuskure wannan lanƙwasa da kaurin gashi guda, kunne zai gaya maka.

Matsala ta uku ita ce abin da za a ƙera ta da shi, da kuma hanyar ƙirar. Yawancin giyoyin irin waɗannan na'urori ana yin su da wata roba mai santsi da tauri da ake kira asetal, wadda kamfanin DuPont ya fara sayarwa da sunan Delrin wajen 1960. Kamfanoni suna narka ta su tura cikin mazubin ƙarfe, hanya mai kyau amma mazubin yana da tsada, ba ya biyan kuɗinsa sai za a yi da yawa. Mai ƙaramin ƙarfi yana da wasu hanyoyi. Zai iya yanka ta daga tagulla da ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe, haƙori bayan haƙori, kamar yadda masu gyaran agogo ke yi. Tagulla ba ta tsukewa, sai dai tana da ƙara, kuma tana iya cinye haƙoran robar da ke gogayya da ita. Zai iya samun lafiyayyar giya ya ɗauki siffarta a mazubin silikon ya zuba ruwan roba mai daskarewa, amma ya yi hattara da kumfar iska, domin kumfa guda a bakin haƙori ta ɓata aikin. Zai kuma iya zana ta a kwamfuta ya fitar da ita da injin ɗab'i mai gina abu hawa-hawa. Irin wanda ke narkar da igiyar roba, bakinsa galibi 0.4 na milimita ne, ya yi kauri ga haƙoran da su kansu ba su wuce haka ba. Irin wanda ke daskarar da ruwa da haske yana iya sa hawa mai kaurin 0.05 na milimita, haƙora su fito tsaf, amma sau da yawa robarsa tana da gautsi. Kowace hanya da ribarta da hasararta, kuma zaɓe a tsakaninsu shi ne ainihin aikin injiniya.

To, na san abin da mai gardama zai ce. Zai ce duk wannan wahala ta mene ne, ga waya a aljihu mai ɗauke da waƙoƙi dubbai, muryarta kuma ta fi ta kaset tsabta? Na yarda waya ta fi tsabtar murya, kaset yana da shuu a bayansa wanda ba ya rabuwa da shi. Amma waya ba ta ɗauke da komai sai abin da wani ya riga ya zuba mata. Abin da ke kan zaren kaset kuwa, in ba a sami inji mai rai da zai karanta shi ba, ya zama kamar wasiƙar da aka rufe aka jefa rijiya. Saboda haka ne cikin 2019 hukumar UNESCO tare da ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya suka yi gangami suna faɗakar da cewa injunan karanta zare da kayan gyaransu suna ƙarewa, aka kuma ambaci 2025 a matsayin lokacin da kwashe abin da ke kan zare zai fara gagara. Ma'adanar fina-finai da sauti ta ƙasar Ostareliya ita ma ta sa wa kanta wannan wa'adi tun 2015. Shekarar ta zo. Waɗanda suka ji gargaɗi sun kwashe abin da za su iya kwashewa.

Mu fa? Da wuya a sami al'ummar da ta zuba rayuwarta a kan kaset kamar tamu. Alhaji Mamman Shata ya rasu cikin 1999, Musa Ɗanƙwairo cikin 1991, Barmani Choge cikin 2013, Ɗanmaraya Jos cikin 2015. Waƙoƙinsu da suka shahara sun shiga intanet, gaskiya ne. Amma wanda ya san yadda makaɗanmu ke aiki ya san cewa da yawa daga abin da suka rera a gidan biki ne, ko ƙofar fada, ko filin dambe, wani ya danna rikodarsa ya ɗauka, kwafi ɗaya tak. Haka karatun malamai irin su Shehu Abubakar Gumi, wanda ya rasu cikin 1992, da Shehu Nasiru Kabara, wanda ya rasu cikin 1996, da ɗaruruwan malaman zaure waɗanda gidan rediyo bai taɓa zuwa wurinsu ba. Haka saƙon murya da matafiya ke aiko wa iyayen da ba su karatun boko. Duk suna nan cikin kwalaye a ƙarƙashin gado, zafin bazara yana gasa su, damina tana sa musu funfuna. Ranar da jikan mai kwalin zai so jin muryar kakansa, wace rikoda zai sa? Manyan rikodojin tebur da suka fi dacewa da aikin kwashewa su ma giya da bel ne a cikinsu, kuma tsufa ɗaya ke cinsu. Wanda ya iya ta da ƙaramar, shi ne zai ta da babbar.

Mai gardama zai sake cewa ai har yanzu ana yin sababbin rikodoji, a sayi sabuwa mana. Ana yi, amma a tambayi duk wanda ya buɗe cikinsu. Masana'antun Japan da suka gwanance da ƙera injin kaset mai inganci sun daɗe da barin wannan sana'a, abin da ya rage a kasuwa galibi kwaikwayon inji mafi araha ne, wanda gudunsa ba ya kama ƙafar na manyan samfurorin shekarun 1980. Wanda ya ɗauki kaset ɗin da babu irinsa a duniya ya danƙa wa injin da zai iya tauna shi, ya yi ganganci. Da tsohuwar zuma ake magani.

Hujjarsa ta ƙarshe ita ce wadda ta fi kama da gaskiya. Zai ce ƙasar da ke fama da rashin wuta da ruwa da aikin yi, ina ita ina giyar Walkman? Amsa ita ce, ba Walkman ɗin ne abin nema ba, hannun da ya koyi aikin ne. Irin wannan 'yar giya tana cikin injin buga takarda na ofis, da keken ɗinki, da injin nika na kicin, da na'urorin asibiti masu tura magani a jijiya. A zaga ɗakunan gwaje-gwaje na makarantunmu a ga na'urori nawa ne aka lulluɓe da ƙyalle, ana cewa ana jiran kayan gyara daga waje, alhali abin da ya karye a ciki bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Mun saba da mafarkin manyan abubuwa. Tun ƙarshen shekarun 1970 aka fara aikin kamfanin ƙarfe na Ajaokuta, shekaru suka shuɗe ba a kai ga abin da aka yi alkawari ba. Ƙasashen da muke sayen kayansu kuwa da ƙananan abubuwa suka koyi daidaita awo, da agogo da kyamara da rediyo, kafin su kai inda suke.

Abin takaici kuma shi ne ba hannu muka rasa ba. Maƙeran fari na garuruwanmu sun san zubin tagulla da azurfa tun kafin zuwan Turawa. Masu zuba tukwanen goran ruwa suna yin mazubi da yashi kullum safiya. A Panteka ta Kaduna akwai masu ƙera injuna da kayan gyara daga tarkacen ƙarfe, yawancinsu ba su da takardar shaida ko ɗaya. Su suna da hannu, lissafin modul ne ba a koya musu ba. Mu muna da lissafi a littafi, amma muna ganin ƙasƙanci ne mai digiri ya zauna a benci ɗaya da mai baƙin mai a riga. Wannan girman kai ne ya raba ilmin gida biyu, kowane rabi ya zama gurgu.

Su ma kamfanoni ba za a wanke su ba. Ban ce an tsara giyar nan don ta tsage ba, domin ta yi shekaru tana aiki kafin ta gaza. Laifin shi ne a sayar wa duniya miliyoyin na'urori, a daina yin kayan gyaransu, a kuma riƙe zanensu a aljihun tebur, alhali sakin zanen giya guda ba zai rage wa kamfani ko sisi ba. Tarihi ma ya nuna cewa masu masana'anta ba kullum suke son kaya ya daɗe ba: cikin 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki, ciki har da Osram da Philips, suka haɗa kai a Janeba suka ƙayyade wa ƙwai sa'a 1,000. Sakamakon wannan hali na saya-ka-yar yana nan a juji. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa cikin 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wasu ƙasashe sun farka. Faransa ta mai da tsara lalacewar kaya da gangan laifi a 2015, ta kuma tilasta a 2021 a riƙa liƙa wa wayoyi da talabijin da injin wanki maki bisa goma na sauƙin gyaransu. Tarayyar Turai ta zartar da dokar haƙƙin gyara a 2024. Waɗannan dokoki ba su waiwayi tsohuwar rikoda ba, saboda haka ita ba ta da kowa sai mutanen nan da muke yi wa dariya.

Ga abin da nake kira a yi, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a ciki. Na farko, sassan koyar da aikin injiniya su karɓi gyaran matacciyar na'ura a matsayin aikin kammala karatu: ɗalibi ya auna ɓangaren da ya karye, ya zana, ya ƙera, ya sa, na'ura ta tashi a gaban malamai. Wannan ya fi kundin da aka kwafo daga na bara aka sauya masa bango. Na biyu, duk zanen da aka tabbatar ya yi aiki a ajiye shi inda kowane mai gyara zai ɗauka kyauta, da bayaninsa cikin Hausa. Na uku, a gayyato tsofaffin masu gyaran rediyo da rikoda, waɗanda sana'arsu ta ja baya, su koyar da abin da ke kansu tun suna raye, a kuma biya su kamar yadda ake biyan kowane malami. Na huɗu, ɗaliban harsuna da na tarihi su haɗa hannu da na injiniya, waɗancan su nemo kasakasai daga gidaje da izinin masu su, waɗannan su tanadi injin da za a amince masa, a kwashe a komar wa kowa da kayansa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace shekara roba tana ƙara tsukewa, zare yana ƙara laushi, masu gyaran da suka san cikin waɗannan injuna suna ƙara tsufa. Idan hutu ya zo, kowa ya duba ƙarƙashin gadon gidansu ya ga abin da ke cikin kwalin nan, ya karanta sunayen da aka rubuta da biro a bayan kowane kaset. Bayan haka, wanda har yanzu yake jin dariya, sai ya ɗauki ma'auni ya ƙera mana giya ɗaya mai haƙora 40 da za ta juya ba ƙara, ya kawo mu gani.